Ba tsufa ne ya toshe mana kunne ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na daren Asabar har ƙarshe, kuma maganar da baƙon nan naku ya yi ta hana ni sakat. Wai duk mai cewa U2, ƙungiyar mawaƙan nan ta ƙasar Ireland, sun yi sanyi tsufa ne ya cim masa, ƙuruciyarsa da ta wuce yake yi wa kuka yana fakewa da waƙa. Shi kuma mai gabatarwa, maimakon ya ja shi da tambaya ko ɗaya, sai ya bushe da dariya ya wuce gaba. To ni ina cikin waɗanda aka yi wa dariyar, kuma ban yarda ba.

Da a ce tsoron sabon abu ne ke damunmu, ai da tun 1991 muka watse. Ko dai baƙonku ya manta, ko kuma a lokacin bai fara sauraro ba. U2 sun fito daga The Joshua Tree na 1987, faifan da aka sayar da fiye da kwafi miliyan 25, duniya na zuba ido su sake yin irinsa. Sai suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka tafi Berlin a watan Oktoban 1990, daidai lokacin da Jamus biyu ke haɗewa, suka shige situdiyon Hansa suna ta sa-in-sa har ƙungiyar ta kusa wargajewa. Abin da ya fito daga wannan rigima shi ne faifan Achtung Baby na 1991. Ranar da na fara saka kaset ɗin, da wani gurnani ya buɗe, jita na karce kunne, ganga na amo a bushe, muryar Bono, mai rera musu waƙa, a shaƙe ba ka ma gane ta. Na zare shi, na sa biro na juya zaren ina dubawa ko rikoda ce ta tauna. Lafiyarsa ƙalau, da gangan suka yi shi haka. Mun ruɗe, mun yi ta musu a tsakaninmu na makonni, daga baya muka rungume shi hannu bibbiyu, har yau ma da yawanmu shi muke sawa a gaba. Waɗannan ne mutanen da baƙonku ke cewa ba sa son canji?

Ko faifan Pop na 1997 da kowa ke yi wa ba'a, ni ina kare shi. Gaskiya ne bai gama nuna ba aka fitar da shi, don an riga an tsayar da ranakun zagayen wasa, dole suka miƙa shi a gaggauce. Amma akwai ƙarfin hali a cikinsa, ka ji mutane huɗu da suka yarda su faɗi a gaban jama'a. Tun daga dukan da suka sha a kan wannan faifan tsoro ya shige su, kuma a ganina bai fita ba har yanzu. Faifan 2000 da na 2004 sun koma hanyar da suka san ba ta da haɗari, aka yi ta ba su lambar yabon waƙa ta Grammy, mu ma muka saya muka ce ai hutawa suke yi, za su dawo.

Sai 2009. Wannan ne ya fi ci mini rai. Mun ji labarin sun je birnin Fas na Maroko a 2007 tare da Brian Eno da Daniel Lanois, masu haɗa sautin da suka tsaya musu a manyan ayyukansu, suna ɗaukar sauti a tsakar wani gida. Muka ce to, an dawo Berlin ke nan. Da No Line on the Horizon ya fito, kana jin ƙamshin wancan aiki a farkonsa da ƙarshensa, amma tsakiyar an cusa mata waƙoƙin da aka ɗinka don gidajen rediyo su buga. Waƙar da suka zaɓa ta fara fita kuwa, ban san wanda ya ba su wannan shawara ba. An yi ba a yi ba. Masu son sauƙi ba su saya kamar yadda aka so ba, mu masu jiran abin mamaki kuma aka ba mu rabi.

Maganar 2014 baƙonku ya taɓo ta, amma a matsayin abin raha, wai mutane ba su da godiyar kyauta. A ranar 9 ga Satumba aka zuba faifansu Songs of Innocence cikin asusun masu amfani da iTunes, kantin waƙoƙin kamfanin Apple, su kusan miliyan 500, ba tare da an tambayi kowa ba. Kafin mako ya zagayo sai da Apple ya buɗe shafi na musamman don masu son goge shi, Bono kuma daga baya ya fito ya ba da haƙuri. Jama'a sun yi fushi da kutsen, haka ne. Amma mu da muka zauna muka saurare shi da zuciya ɗaya, abin da ya dame mu daban ne. An ɗauko Ryan Tedder da Paul Epworth, masu haɗa wa taurarin zamani waƙoƙin da ke cin kasuwa, suka goge komai sumul har jitar The Edge, makaɗin jitar ƙungiyar, ta koma irin ta masu kwaikwayonsa. Waƙoƙi ne kan yarintarsu a Dublin, har da rasuwar mahaifiyar Bono yana ɗan shekara 14, batun da ya kamata ya girgiza mutum, amma sautin ya fito lami. Faifan 2017 ma duk kanwar ja ce.

Kuma tunda batun tuna baya ake yi, wa ke tuna bayan? A 2017 zagayen cikar The Joshua Tree shekara 30 suka yi, suna buga shi daga farko har ƙarshe. Daga Satumban 2023 zuwa Maris na 2024 sun yi wasa 40 a dandalin Sphere na Las Vegas, a kan Achtung Baby aka gina shi. A 2023 ɗin kuma suka fitar da Songs of Surrender, tsofaffin waƙoƙinsu 40 da suka sake rerawa a sanyaye, ganga sai ka kasa kunne kafin ka ji ta. Na yi ƙoƙarin kai shi ƙarshe a zama ɗaya, barci ya ɗauke ni. Su da kansu sun san waɗanne faya-fayai ne ke cika fili da mutane, sun kuma san ba na bayan nan ba ne. Idan tuna baya shi ne roƙo, to a tambayi wanda ke riƙe da ƙoƙon.

Ba wanda ke zargin Bono don muryarsa ta ragu, mutumin da aka haifa a 1960. Ba wanda ya ga laifin Larry Mullen, mai buga musu ganga, don tiyata ta hana shi zama kan ganga a Las Vegas. Shekaru ba su hana David Bowie, mawaƙin nan na Birtaniya, ba: yana da 69 ya fitar da Blackstar a Janairun 2016, kwana biyu kafin mutuwarsa, da makaɗan jaz da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansu ba, kuma mu ɗin nan da ake kira tsofaffi muka karɓe shi. Saboda haka a daina ɗora mana laifin da ba namu ba. In za ku sake ɗauko batun, ku gayyato wanda ya bi ƙungiyar tun zamanin kaset ya zauna da wancan baƙo, mu ji ko zai iya maimaita abin da ya faɗa.

Wani abu kuma, Malam Edita, don Allah ku ja wa mai gabatar da shirin kunne. A daren nan ya sa waƙar da ta buɗe The Joshua Tree, wadda kiɗanta ke tasowa a hankali na kusan minti biyu kafin murya ta shigo, sai ya hau kanta da gaishe-gaishen masu turo saƙo har wurin ya wuce. Da Bono ya fara rerawa bai yi nisa ba aka datse shi aka sako talla. Ba ranar ya fara ba, kusan kowane mako haka yake yi. In lokaci bai isa ba a rage yawan waƙoƙin, a bar wadda aka saka ta kai ƙarshe, gaisuwar a yi ta bayan nan.

Na gode.

Naku,
Mai sauraronku na kullum