Ku daina cewa a rufe filin karnuka, mu ce a gyara shi

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina fata kai da ma'aikatanka kuna lafiya. Daga Bronx nake rubuto wannan, a birnin Niyok ta Amurka, kuma na san da wasu sun ga maganar kare ce za su ce wannan mutumin zaman Turai ya taɓa shi. Dan Allah a yi haƙuri a karanta har ƙasa.

A unguwarmu akwai wani ɗan lambu na gwamnati, a gefensa an kewaye wani wuri da waya inda masu karnuka ke kwance musu igiya su yi ta guje-guje. Ƙofa biyu gare shi, ka shiga ta farko ka rufe sannan ka buɗe ta biyu, saboda kada kare ya sulale waje. Ni ba ni da kare, ban taɓa yi ba, kuma tun ina yaro a Kano in na hango kare layi nake canzawa. Ranar da na fara ganin wurin nan dariya na yi har na ɗauki bidiyo na tura gida ta WhatsApp, ƙanena ya ce to Yaya su kuma karnukan an saka musu AC ne?

Yanzu na daina dariyar. Tun bazarar da ta wuce sakatar ƙofar ciki ta lalace, wani ya ɗaure ta da igiyar takalmi, famfon wurin yana ɗiga dare da rana har ya yi kududdufi, ɓawon itacen da ake shimfiɗawa a ƙasa ya ruɓe ya zama taɓo, kwandon shara kuma in ya cika sai ledoji su taru a gindinsa, ledojin kashin kare fa. Toh me ya biyo baya? Masu karnuka suka daina shiga, don babu mai son ya koma gida da kare duk taɓo ya hau masa kujera. Sai suka dawo kan ciyawar da yaranmu ke buga ƙwallo, nan kusa da bencin da matanmu ke zama da yamma. Wata safiya ina tafiya masallaci wani ƙaton kare ya taho a guje ya dafa min ƙirji da ƙafafunsa, farar jallabiya ce a jikina, mai shi tana can baya tana ɗaga murya wai ba ya cizo wasa yake. Wallahi sai da na koma gida na canza kaya, jam'i ya wuce ni.

Da muka zauna bayan sallar isha'i, 'yan uwanmu na Kumasi da na Yamai da mu 'yan Najeriya, bakin kowa ɗaya, wai a rubuta takarda a rufe wurin kawai a huta. Nan ne na ce a'a. In an rufe ina karnukan za su je? Ba barin unguwar za su yi ba. Kan mu za su dawo.

Abin da da yawanmu ba su sani ba, garin nan yana da doka a kan komai na kare. Igiyar da ake jan shi da ita kada ta wuce ƙafa 6. Dole a yi masa lasisi, dole a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka. Tun 1978, zamanin magajin gari Ed Koch, dokar kwashe kashin kare ta fara aiki, wanda bai kwashe ba tararsa tana kai dala 250. Amma kuma akwai wata dokar da aka tabbatar a 2007 wadda ta ba da dama a wasu lambuna da aka ware a saki kare ba igiya daga ƙarfe 9 na dare zuwa rufe lambu, da kuma da safe har zuwa ƙarfe 9. Ka duba lokacin nan da kyau Malam Edita, lokacin fitarmu asuba ne da dawowa daga isha'i a bazara. Don haka shingen nan da muke raina shi ne kaɗai abin da ke raba mu da su, in yana da kyau can suke tafiya da kansu ba sai an kore su ba.

Sannan ba maganar najasa ce kawai ba. Malaminmu ma ya tuna mana cewa a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, duk da dai ni ko an gaya min haka zuciyata ba ta kwanta ba sai na wanke. Babbar damuwar ita ce ɓera. Duk inda shara ta kwana kuma ruwa ya kwanta, ɓerayen Niyok sun samu gida, kuma fitsarinsu na ɗauke da cutar leptospirosis da ke kama kare ta kama mutum. Tsakanin ƙarshen 2016 da farkon 2017 a nan Bronx, yankin Concourse, mutum 3 suka kamu ɗaya ya rasu. Wancan a gine-gine ne ba a lambu ba, amma ɓeran ai ɗaya ne, kuma ɗana ɗan shekara shida in ƙwallo ta faɗa kududdufin nan da hannu yake ɗauko ta.

Na bi diddigin yadda ake kula da irin wuraren nan. Filin na birni ne, manyan gyare-gyare irin su waya da famfo da kwashe shara nasu ne, amma a wurare da dama masu karnukan ne ke haɗa ƙungiya su yi aikin gayya, su share, su tara kuɗi su sayo leda. Filin karnuka na farko a garin nan a lambun Tompkins Square yake a Manhattan tun 1990, kuma 'yan sa kai ne suka riƙe shi. Unguwar masu hali ƙungiyarsu na da kuɗi da bakin magana, tamu kuwa kowa aiki biyu yake yi, mai kare ma da ƙyar yake samun minti ashirin ya fito da shi. Ga shi kuɗin da ake ware wa lambuna bai kai kashi 1 cikin 100 na kasafin birnin ba, to a haka wanda ya fi surutu shi ake fara yi wa gyara.

Mu kuma surutunmu a ƙofar masallaci yake ƙarewa. Bronx na da kwamitocin unguwa guda 12, suna miting kowa na iya shiga ya yi magana, na je sau ɗaya na tarar da masu karnuka sun kai su goma, mu kuwa ni kaɗai ne da hulata. Da na tashi na ce ni ba ni da kare amma ina so a gyara sakatar nan da famfon, sai ɗakin ya yi tsit, wata dattijuwa mai ƙaramin kare ta biyo ni har waje tana ta godiya kamar na ba ta kyauta. Haka lambar 311 ta kai ƙorafi ga hukumar birnin, kyauta ce, ka kira ko ka shiga manhajarsu ka tura hoto su ba ka lambar ƙorafi. In mutum hamsin suka kira kan sakata ɗaya ba daidai yake da kiran mutum ɗaya ba.

Don haka 'yan uwa na Bronx da Harlem da ke karanta jaridar nan, takardar rufewar nan kada ku sa mata hannu. A miting na gaba zan fita aiki da wuri, motata na ɗaukar mutum huɗu, wanda zai je ya same ni bayan magariba.

Naku,
Wani mai karatu, Bronx, Niyok