Ƙarfen fartanya a cikin taurari aka ƙera shi

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karanta maƙalar da kuka buga kan asalin sararin samaniya, kuma na ji daɗin ganin irin wannan ilimi da Hausa. Sai dai akwai wuri ɗaya da ke buƙatar gyara, inda aka ce dukkan sinadarai sun samu ne a lokacin Babbar Fashewa, wato farkon samuwar sararin samaniya, shekaru kusan biliyan 13.8 da suka wuce. Ni malamin kimiyya ne a Garwa, kuma wannan kuskure ne na fi fama da shi a aji.

Maƙerar farko, wato sararin samaniya jim kaɗan bayan fashewar, ba ta daɗe da wuta ba. Cikin 'yan mintuna, da zafi ya ɗan sauka, furoton da niyutoron, wato ƙananan tubalan da ke gina ƙwayar kowane sinadari, suka fara haɗuwa, amma zuwa wajen minti 20 sararin ya faɗaɗa ya huce, aiki ya tsaya. Abin da aka tashi da shi, idan an auna da nauyi, kusan kashi 75 cikin 100 haidurojin ne, kusan kashi 25 hiliyam, sai ɗan litiyam da bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma cikas a hanyar ƙera sinadarai masu nauyi: duk ƙwayar da furoton da niyutoron ɗinta suka tashi 5 ko 8 ba ta ɗorewa, nan take take wargajewa, tamkar tsanin da aka cire wa matakala biyu.

Ban ga laifin marubucinku sosai ba, domin masana kimiyya Ralph Alpher da George Gamow ma haka suka zata a 1948. A 1957 ne masanin taurari Fred Hoyle da abokan aikinsa uku suka yi cikakken bayanin yadda ake dafa sinadarai masu nauyi a cikin taurari, waɗanda ke watsar da su idan sun mutu.

Ke nan ƙarfen fartanyar manomin auduga, da sodiyam da kabon da ke cikin kanwar Tafkin Chadi, duk ƙirar taurari ne. Ruwan Binuwai kuwa ya haɗa zamani biyu: haidurojinsa tun farkon lamarin yake, oksijinsa ya zo daga baya da nisa.

Ina roƙon ku buga wannan gyara, saboda ɗalibaina da dama sun kwafi maƙalar a littattafansu, ga jarrabawa tana ƙaratowa.

Naku,
Wani malamin sakandare,
Garwa, Kamaru