A raba hayaƙin gona kan kowane mutum kafin a hana mu taki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, a shirinku na noma an ce gonaki na cikin abubuwan da ke ɗumama duniya, har baƙonku ya ba manoman Afirka shawarar su rage takin zamani. Maganar farko gaskiya ce. Ta biyun kuwa ban yarda da ita ba, don an tara manoman duniya an yi musu kuɗin goro.

An san inda iskar noma ke fitowa. Shinkafar da ake nomawa cikin ruwa kwance, irin ta Indiya da Sin da Biyetnam, tana sakin iskar metan mai ɗumama duniya. Takin yuriya idan ya yi wa ƙasa yawa yana sakin wata iska da ƙarfinta na riƙe zafi ya ninka na hayaƙin kabon sau 273 cikin shekara ɗari. Sai sare daji domin buɗe gona, kamar yadda ake yi wa waken soya a Barazil da kwakwar manja a Indonesiya. Wanne daga ciki manomin gero na Mirriya yake yi da yawa?

A taron Abuja kan taki na 2006 an tabbatar da cewa Afirka kudu da Sahara kilo 8 na taki kawai take zubawa a hekta ɗaya, aka sa burin kaiwa kilo 50. A Sin ana zuba fiye da kilo 300. Mu a nan Nijar, wanda ya samu taki da marfin kwalbar lemo yake auna shi, kamar giram 6 na takin zamani mai lamba 15-15-15 a kowane rami, dabarar da masu bincike na cibiyar binciken noma ta duniya ICRISAT suka gwada a Sadore, kusa da Yamai. Ya duƙa, ya zuba, ya tura ƙasa da ƙafa, ya matsa rami na gaba. Da yawa ma tiya biyu ko uku suke iya saya, sauran gonar sai kashin awaki da tokar murhu. Mutumin nan ne za a ce ya rage? Idan aka raba hayaƙin gonarsa kan bakunan da ke cin tuwon, abin da zai faɗo wa kowa bai taka kara ya karya ba.

Amma shi ma lissafin kan kowane mutum yana da gyara, kuma gyaran ya shafe mu. Buhunan shinkafar da ke jibge a kasuwar Dole yawancinsu daga Asiya suka zo. Mu muke ci, amma metan ɗinta a kan manomin Indiya ko Tailan ake rubuta shi. Haka waken soyan Barazil: aladu da kajin Sin da Turai ke cinyewa, laifin ya tsaya ga ɗan Barazil. Adalci shi ne a ɗora wa mai ci, ko da namu kason zai ɗan hau. Ƙona kara da ciyawa lokacin sharar gona ma namu ne, ya kamata mu bari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a cire mana abin da muka mayar. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Maradi da Damagaram suka rungumi sassabin zamani, suna barin tohon itace a gona suna yi masa aski. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Duk wanda ya bi hanyar Matameye zuwa Magariya ya ga gawo reras cikin gonaki, yana zubar da ganye da damina, geron gindinsa ya fi na fili tsawo da kauri. Itatuwan nan kabon suke zuƙa su adana, kuma da gatarin manomi da haƙurinsa suka tashi.

Roƙona, idan za ku sake wannan shiri, ku gayyato mai bincike daga INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, tare da manomi daga Kance ko Magariya, kuma duk baƙon da ya kawo adadin hayaƙi ku tambaye shi: na mutum nawa ne, kuma wa ya ci amfanin gonar?

Naku mai sauraro,
daga unguwar Birni, Damagaram