Kason Arewa a asusun al'adu: buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Fasaha da Al'adu na Kamaru

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranka ya daɗe. Daga Garwa nake rubuto maka, kuma da Hausa, ko da yake na san da Faransanci da Turanci ake aiki a ofishinka. Na zaɓi haka ne domin mutanen da zan yi magana a kansu su karanta da kansu, ko a karanta musu a majalisa bayan la'asar, su ce ko na faɗi daidai ko na yi ƙari. Mai fassara ba zai yi maka wuyar samu a Yawunde ba, ga unguwar Briqueterie nan cike da 'yan'uwanmu.

Maganar kuɗi ce ta kawo ni. A watan Disamba na 2001 shugaban ƙasa ya sa hannu a takardar da ta kafa asusu na musamman don tallafa wa harkokin al'adu, aka ce za a riƙa zuba masa sefa biliyan ɗaya duk shekara. Yau an haura shekara ashirin. Roƙona na farko mai sauƙi ne: a fito da lissafin asusun nan jiha-jiha, a buga shi inda kowa zai gani, mu san nawa ne ya iso Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, kuma a hannun wa ya sauka. Ba na zargin kowa da cin kuɗi. Abin da na gani shi ne hanyar da aka shimfiɗa ta neman tallafin ba ta biyo ta ƙofar mutanenmu ba. Sai ka rubuta buƙatarka da Faransanci, ka tsara kasafin aikin, ka haɗa dosiye, wato kundin takardun nema, ka kai ofis, sannan ka jira abin da za a yanke a Yawunde. Matashin da ke kiɗan zamani a Duwala ya san wannan hanya, yana kuma da wanda zai bi masa sawun takarda. Mai algaita a fadar lamiɗon Rai-Buba fa? Mai garaya a Gidar? Tsohuwar da ke riƙe da tatsuniyoyin unguwa a Mora? Da yawansu ba su taɓa jin akwai asusun ba, balle su nema.

Ana tunawa da su dai, ranka ya daɗe, ranar da babban baƙo zai sauka. Ranar nan za a aika fada a ce a fito da dawaki da 'yan lifidi, a jera masu kakaki da algaita da tambura tun hantsi, rana na dukansu har baƙo ya iso. A ɗauki hoto, a nuna a talabijin da dare, a ce ga al'adun Kamaru. Kowa ya koma gida da ɗan abin goro. Ba mai tambayar mai busa ko yana da yaron da yake koya wa, ko kuwa ɗansa ya ajiye algaita ya kama tuƙa babur domin shi ke kawo cefane. Bikin al'adu na ƙasa, FENAC, da aka kawo Marwa a 2008, mun ji daɗinsa ƙwarai, amma kwanaki kaɗan aka yi aka kwashe rumfuna aka tafi. Biki yana da ranarsa. Sai dai ba ya koya wa yaro busa, ba ya kuma hana gara cin takarda.

Takardun nan su suka fi damuna, kuma a kansu zan daɗe. Ƙasar nan ta san rubutu tun kafin Bature ya zo. Sarakunan Mandara da na Kotoko suna da malamansu tun zamanin ƙarfin Borno, kuma bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu a farkon ƙarni na 19, fadojin lamiɗo suka cika da alƙalai da magatakarda. A gidajen malamai na Garwa da Marwa da Ngaundare da Banyo akwai wasiƙun sarakuna, da fatawoyi kan gado da gona, da waƙoƙin wa'azi na Fulfulde da Hausa da aka rubuta da ajami, da jerin sunayen sarakuna da shekarun mulkinsu, da laƙanin magani. Wasu suna cikin gafaka, wasu cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, a ɗakin ƙasa. In malam ya rasu, magada su raba littattafai kamar yadda suka raba riguna, kundi guda ya watse gida uku, farkonsa a nan, ƙarshensa a wani gari. In damina ta yi ƙarfi, ɗaki ya zauna a kansu. Ambaliyar 2012 a bakin Binuwai, da ta 2024 a Yagwa da sauran garuruwan bakin kogin Logon, sun rusa gidaje masu yawa. An ƙirga mutane da dabbobi da gonaki, kuma daidai ne a fara da su, amma takardar da ruwa ya narkar ba ta shiga lissafin kowa ba. Gona ana sake noma ta baɗi. Wasiƙar da wani alƙali ya rubuta zamanin kakannin kakanninmu, in ta tafi ta tafi ke nan, kuma ba wanda zai san ma an taɓa samun ta.

Mun taɓa samun wanda ya ɗauki irin wannan aiki da gaske. Marigayi Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa a 1934, ya bi fadoji da ƙauyuka, ya zauna gaban tsofaffi, ya ɗauki maganarsu, ya rubuta tarihin masarautun nan daga bakin masu shi. Cibiyar binciken ilimin ɗan'adam ta ƙasa, ISH, wadda yake aiki a ƙarƙashinta, wadda kuma take da reshe a nan Garwa, gwamnati ta rufe ta a 1991 lokacin da tattalin arziki ya matse. Sai ya tsallaka Najeriya ya koyar a Jami'ar Maiduguri, a can ya rasu a 2004. Wasu daga cikin manyan littattafansa a Tokyo aka buga su, a ƙarƙashin wata cibiyar bincike ta Japan, ɗalibin Garwa kuwa da ke son karanta tarihin garinsu sai ya sha yawo kafin ya ga kwafi ɗaya. Duk lokacin da aljihun hukuma ya yi sanyi, tarihi da harshe ake fara yanke wa kuɗi, ana ganin kamar za su iya jira. Ba sa jira, ranka ya daɗe. Tsofaffin da ya kamata a tambaya bayan 1991 yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya da abin da ke kansu.

Maƙwabtanmu ba duka suka fi mu arziki ba, amma sun yi abin da ba mu yi ba. A Kaduna akwai Arewa House tun 1970, inda mai bincike ke samun takardun Larabci da na ajami a tsare. A Yamai akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami a cibiyar bincike ta jami'a, wanda ya faro daga takardun da marigayi Boubou Hama ya tara. A Tambutu akwai cibiyar Ahmad Baba tun 1973. Mu a jihohi uku ba mu da wani gida da kowa ya sani, inda magajin malam zai ɗauki gafakar ubansa ya je ya ce a taimake shi kar ta lalace.

Ba ma'aikata aka rasa ba. Jami'ar Ngaundare tana nan tun 1993, ta Marwa tun 2008, ta Garwa tun 2022, kuma duk shekara ana yaye matasan da suka karanta tarihi da harsuna, da yawansu su dawo gida su zauna. A gefe guda ga gardawan makarantun allo da ke karanta ajami ba tare da tuntuɓe ba, waɗanda ba a taɓa ɗaukar iliminsu a matsayin abin biyan albashi ba. Ɗan boko ya iya kwamfuta da tsara kundi, gardi ya iya karanta hannun malaman da. A haɗa su biyu-biyu, a ba su kyamara da na'urar ɗaukar magana da babur, a biya su wata-wata. Abu guda kawai nake jan kunne a kai: kada a ce wa malamai su kawo takardunsu a ajiye musu. Ba za su bayar ba, kuma suna da gaskiya, domin amana ce da aka bar musu, wasu ma sun taɓa ba da aro ba a dawo da shi ba. A je gidansu ta hannun lamiɗo da limamin gari da sarkin Hausawa, a ɗauki hoton kowane shafi a gabansu, a ba su akwatin da ruwa da gara ba sa shiga, a bar musu kwafi, a kuma rubuta sunan gidan a kan kundin. Wanda ya ga an yi wa maƙwabcinsa haka, shi da kansa zai aiko a zo.

Haka za a yi da murya. Gidan rediyon Garwa ya shekara da shekaru yana watsa shirye-shirye da Hausa da Fulfulde, har 'yan'uwa na tsallaken iyaka suna kamawa. Duk faifai da kaset ɗin da suka rage a can a mayar da su cikin kwamfuta tun ana iya sauraron su. Masu waƙar Fulfulde ta mbooku na ƙasar Diamare, yankin Marwa, da makaɗan fada, da 'yan goge, da masu kirarin sarakuna, a ɗauki abin da ke bakinsu, a biya su haƙƙinsu, a kuma ba wanda ya yarda ya koyar da yara ɗan albashi. Ba Hausa da Fulfulde kaɗai nake nufi ba. Mafa da Giziga da Musgum da Tupuri da Mbum da Kotoko da Larabawan Shuwa duk suna da nasu, wasu harsunan ma sun fi namu kusa da ɓacewa. Tsarin mulkin 1996 ya ce ƙasa za ta kare harsunan gida ta kuma ɗaukaka su. Wannan ne wurin cika alkawarin.

Ina taya ka murna da shigar da kufan Diy-Gid-Biy na duwatsun Mandara cikin jerin wuraren tarihi na duniya da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi a watan Yuli na 2025. Abin alfahari ne gare mu duka. Yanzu saura mai gadi da mai yi wa baƙi bayani daga cikin 'yan ƙauyukan, da albashin da ba ya yankewa. Zanen dutse na Bidzar ma, a hanyar Garwa zuwa Marwa, yana buƙatar kariya daga masu fasa dutse. Akwai kuma maganar kayan da aka kwashe. Binciken da aka fitar a 2023 ya nuna akwai kayan tarihin Kamaru sama da dubu 40 a gidajen tarihi na Jamus, cikinsu har da waɗanda sojojin Jamus suka wawashe daga fadar Tibati a 1899. Ana maganar dawo da su, kuma muna goyon baya. To, in sun dawo, a ina za a ajiye na Arewa? Mutanen Fumban sun buɗe sabon gidan tarihin sarakunan Bamun a watan Afrilu na 2024, sun shirya wa nasu masauki, Allah ya ƙara musu. Ba na so ranar ta zo a ce mana kayan Tibati za su zauna a Yawunde saboda mu ba mu da ɗakin da ya dace.

Na san amsar da za a ba ni, domin ko a nan Garwa ana ba ni ita: mutane na fama da Boko Haram da tsadar gero, wa ke ta tsohuwar takarda? Ban raina wannan magana ba. Amma a tambayi dukawa da majema da masaƙan Marwa abin da ya same su tun da aka sace iyalan nan Faransawa kusa da Waza a watan Fabrairu na 2013, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. A tambayi masu yi wa baƙi jagora a Rumsiki, ƙauyen yawon buɗe ido na duwatsun Mandara. A wurinsu al'ada ita ce tuwon dare. Kuma yaron da aka karanta masa waƙoƙin malaman garinsu, ya ga yadda alƙalan da can suke yanke hukunci da hujja, ba kowane baƙo ne zai zo ya ce masa addini jiya ya fara a ƙasar nan ya yarda ba. Batun rashin kuɗi kuwa, mun ga yadda aka gyara filin wasa na Rumde-Ajiya a nan Garwa aka gina filayen atisaye kafin gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022. Mun yi murna, mun cika filin. Abin da nake nema bai kai ko kusa da wancan ba. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ma ta nemi ƙasashenta su ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kasafinsu ga fasaha da al'adu da kayan tarihi nan da 2030, lokacin kuwa ya matso.

Dokar 2019 ta raba iko ta ba majalisun jihohi da na gari hannu a harkar al'adu, an kuma zaɓi majalisun jihohi na farko a watan Disamba na 2020. Iko ba tare da kuɗi ba suna ne kawai. Ina roƙon a yanke wa jihohin Arewa uku kaso tsayayye daga asusun al'adu, a rubuce, yadda ba zai dogara da wanda ke kan kujera ba, a kuma riƙa yanke shawarar rabonsa a Ngaundare da Garwa da Marwa. A yarda mai fasaha ya shiga ofishin ma'aikatarka na jiha ya faɗi buƙatarsa da baki, da harshen da ya iya, ma'aikaci ya rubuta masa. A sanar da lokacin nema a gidajen rediyo da harsunan gida, makonni kafin a rufe. Daga wannan kaso ne za a buɗe gidan adana takardu da muryoyi, ko da ɗaki biyu ne a ɗaya daga cikin jami'o'in nan za a fara da su.

A watan Nuwamba ne gwamnati kan kai kasafin kuɗi gaban majalisar dokoki, kai kuma ka je ka kare na ma'aikatarka. Ina roƙon wannan gida ya samu layinsa a cikin kasafin da za ka kai, da sunansa da adadin kuɗinsa, domin 'yan majalisarmu na Arewa su samu abin da za su riƙa tambaya a kansa duk shekara.

Allah ya taimake ka a kan aikinka.

Naka,
Wani malamin makaranta a Garwa