Magen da ta fito da Innarmu daga ɗaki, yau ana so a kore ta

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, Allah Ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi da matsalolin jama'a a wannan fili. Ina rubuto miki ne daga Zariya a kan wani lamari da ya raba kan gidanmu, wanda wani zai iya ɗauka ƙaramin abu ne, alhali ni yana hana ni barci.

Mahaifinmu ya rasu shekara biyu da suka wuce, bayan zaman aure na shekara 41 da Innarmu. Mun yi zaton idan ta fita takaba za ta ɗan sake, sai abin ya ƙara gaba: abinci sai an yi da gaske take ci, barci ya ƙaurace mata, macen da a da ba a yin biki ko suna a unguwa ba da ita ba ta koma ko tsakar gida ba ta leƙawa. Da muka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ta a kan magani. Na taɓa ji a rediyo cewa a shekarar 2018 Birtaniya ta naɗa minista ta musamman kan kaɗaici, na ɗauka cutar Turawa ce, sai ga shi ta kama mahaifiyata a gidan da mutum tara ke kwana.

Da daminar bara wata mage ta haihu a ɗakin da muke ajiye buhunan masara, ta kwashe 'ya'yanta ta bar ɗaya. Kukan wannan 'yar magen ne ya fito da Inna daga ɗaki, abin da lallashinmu ya kasa yi. Ta naɗe ta a tsohon zanenta, ta riƙa ɗura mata madara da ƙaramin cokali har ta yi ƙarfi. Tun daga nan, idan ta idar da sallar asuba ba ta komawa kwanciya, domin akwai mai jiran ta a bakin ƙofa. Da hantsi tana shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, magen a cinyarta, tana shafa ta tana yi mata hira, kuma a sanadin neman kan kifi da za ta ba ta ne ta koma gaisawa da maƙwabta. Ranar da na ji dariyarta daga zaure, sai da na tsaya na share hawaye kafin na shiga. Likitan ya ce kada ta kuskura ta daina shan magani, amma ya tabbatar mana cewa samun wata halitta da ta dogara da ita, da tashi da hidima a kan lokaci, suna cikin abubuwan da ke taimakon mai irin wannan larura.

Matsalar ta taso ta fuska biyu. Babban yayanmu ya ce baƙar mage ce, bai yarda da ita ba, kuma a ganinsa dattijuwa ta zauna tana zance da dabba alama ce ta shafar aljanu ko taɓin hankali. Na tuna masa cewa Sahabi Abu Huraira ya samo laƙabinsa ne daga 'yar kyanwar da yake ɗauke da ita, kuma a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ya nuna cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Ya yi shiru, amma bai sauko ba, ni kuma ba na son ja-in-ja da wanda yake matsayin uba a gare mu.

Fuska ta biyu ita ce ta fi yi mini nauyi, domin tana da hujja. Maiɗakina tana da cikin wata huɗu, kuma a wurin awo an gargaɗe su cewa kashin mage na iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke illa ga ɗan tayi. An ce mai ciki kada ta kwashe shi, wani ya riƙa kwashewa kullum, ta kuma wanke hannu bayan taɓa ƙasa, ta guji naman da bai dahu sosai ba. Ni na ɗauki nauyin kwashewar, na kuma kai magen wurin likitan dabbobi an yi mata rigakafin cutar haukan kare. Duk da haka surukata ta aiko cewa ko a fitar da magen, ko 'yarta ta koma gida har ta haihu. Ban ga laifinta ba, domin cikin fari ne.

Malama, Inna ba ta san ana wannan magana ba, kuma yayanmu ya ba da shawarar a saka magen a buhu a kai ta nesa, a ce ɓata ta yi. Zuciyata ta ƙi wannan, saboda ƙarya ce ga mahaifiya, zalunci ne ga dabba, ina kuma tsoron Inna ta koma gidan jiya. Shin matakan tsaftar da muka ɗauka sun wadatar, ko dole ne a raba mai ciki da mage gaba ɗaya? Idan sun wadatar, da wane lafazi zan tunkari surukata da yayana ba tare da na zama marar kunya ba? Idan kuma dole a rabu, yaya zan shaida wa Inna?

Ina sauraron amsarki. Na gode.

Ɗanki,
wani malamin makaranta daga Zariya