A riƙa rubuta kayan tsofaffi a gidajen da ake kula da su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in yi magana kan kayan tsofaffin da ake kai wa gidajen kulawa. Bara mun kai gwaggona wani irin wannan wuri, kuma kafin wata biyu ƴan kunnenta na zinariya da jaka goma da ta ƙulle a bakin zane suka yi ɓatan dabo. Da muka tambaya, sai aka ce gigin tsufa ne, alhali kuwa ni da kaina na ga kuɗin.

Ban zargi kowa da sata ba, domin babu wanda ya rubuta abin da ta shiga da shi, mu ma ba mu nema ba. Ya kamata ranar karɓar tsoho a rubuta kayansa cikin rajista gaban shaidu biyu, a ba dangi kwafi. Zinariya da takardar gona su zauna a akwati mai kwaɗo, amma carbi da tabarau da salula a bar masa kusa da shimfiɗarsa, a ɗinka sunansa a tufafinsa.

Wassalam,
Mai karatunku daga unguwar Birni, Damagaram.