Wasiƙa ga 'yata da za ta fara aiki a asibiti

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mahaifiyarki ta ce watan gobe za ku fara shiga ɗakin marasa lafiya, shi ya sa na rubuto miki.

A dā, likita ne ke zuwa wurin majinyaci, kayan aikinsa duka a jaka ɗaya. Ko abin sauraron ƙirji da wani likita mai suna Laennec ya ƙirƙiro a Faransa a 1816, ɗan bututun katako ne kawai. Asibiti kuwa a Turai ta wancan zamani na marasa galihu ne. Mai hali a gadonsa ake jinyarsa, 'yan'uwa na kewaye da shi.

Abin ya juya ne da kayan aiki suka fi ƙarfin jaka. A 1846 aka nuna tiyata da maganin sa barci a birnin Boston na Amurka. A 1867 wani likitan tiyata mai suna Joseph Lister ya bayyana yadda yake kashe ƙwayoyin cuta a jikin rauni, tiyata ta koma neman ɗakinta na musamman. A 1895 hoton ƙashi ya zo. To wa zai kinkimi wannan injin gida-gida? Dole majinyaci ya tashi ya bi inji.

Ba kushe nake yi ba, da ban kai yau ba in ba don injinan nan ba. Amma kwanciyar da na yi bara ta nuna mini abin da aka baro a gida. Kwana uku ana shigowa, a dubi allon da ke kaina, a rubuta, a fita. Sunana ya koma lambar gado. Sai wata ma'aikaciyar jinya da ta lura leɓena ya bushe, ta jiƙa auduga ta shafa mini, ta tambaye ni ko na samu barci.

Ki tuna da abin da ya faru a Copenhagen, babban birnin Denmark, a 1952, lokacin annobar shan inna da ta hana wasu numfashi. Injin numfashi ya yi kaɗan, ɗaliban likitanci suka zauna gefen gadaje suna matsa jakar roba da hannu, dare da rana, suna hura wa yara iska. Daga nan ɗakin kulawa ta musamman ya samo asali.

Don haka in kin shiga, ki fara gaida mutum da sunansa kafin ki dubi allo. 'Yan'uwansa da ke tsaye a ƙofa kuma, ki fito ki yi musu bayani, ko da na minti biyu ne.

Ki kira mahaifiyarki, ta ce kwana biyu ba ta ji muryarki ba.

Mahaifinki